Keken da Na Raina

Assalamu alaikum. Ba ɗabi'ata ba ce in baje sirrin jikina a gaban mutane, shi ya sa na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan labari. Abin da ya tura ni shi ne a cikin wata biyu na raka sa'o'ina biyu makwancinsu, dukkansu ciwon sukari ne ya zama sanadi, kuma dukkansu sun ɓoye shi har sai da ya ci ƙarfinsu. Ni ma ina da shi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, don haka bari in faɗi yadda tawa ta kasance, ko Allah zai sa wani ya tsinci abin amfani.

A Jos aka haife ni, a 1972. Kakanmu daga ƙasar Kano ya zo a zamanin haƙar kuza, ya yi lebura a yankin Bukuru har ƙarfinsa ya ƙare. Mahaifina bai bi sahunsa ba, koli ya kama. Yana da wani baƙin keke Raleigh mai ƙararrawa, ya ɗaura masa akwatin katako a kariya, cike da allura da zare da madubi da kwalli da sabulu da man shafawa. Da wannan keken yake cin kasuwannin ƙauyukan Filato, da shi ya ciyar da mu, mu tara.

Ranar da babu makaranta yakan tafi da ni. Sai ya naɗa tsumma a ƙarfen tsakiya, in zauna a karkace, hannuwansa biyu sun kewaye ni. Har yau in na rufe ido ina jin hucin numfashinsa a ƙeyata. In muka iso gindin tudu ba ya jayayya da shi, sai ya ce, "Sauka mu taya doki." Mu sauka mu tura, yana ba ni labarin Kano da bai taɓa zama a cikinta ba. In mun kai ƙoli ya yi bismillah, ya riƙa sakin birki kaɗan-kaɗan, iska mai sanyi tana fitar min da hawaye. Ko'ina muka bi ana gaishe shi. Yana jin yaren Birom gwargwadon ciniki da barkwanci, tsofaffin mata kan tsayar da shi a bakin shingen ƙerana su miƙo min gasasshen dankali da zafinsa. Ban san a lokacin cewa wannan shi ne arziki ba.

A sakandare aka laƙaba min "ɗan mai keke". Yaran da ake kawowa a mota ne suka fara, sunan ya bi ni har na gama. Tun daga nan na ƙulla a raina cewa ba zan mutu a kan keke ba. Na shiga kasuwa yaron shago, Allah ya buɗa, na sami nawa shagon yadi a babbar kasuwar Taminus. Na sayi babur, daga baya na sayi mota. Na sha roƙon mahaifina ya ajiye keken nan don yana ba ni kunya, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Ƙafata ce, yaro." Da ya rasu a 1998, na jefa keken a bayan ɗakin ajiya, ruwan damina da tsatsa suka yi ta cinsa. Daga cikin abubuwan da na yi a rayuwa, wannan na cikin waɗanda suka fi ci min rai.

Sai jarabawa ta zo a jere. Rikicin Satumba 2001 ya raba garin gida biyu. A Fabrairun 2002 kasuwar Taminus ta ƙone, shagona da duk abin da ke ciki ya zama toka, ciki har da kayan mutane da na karɓa bashi. Shekara huɗu ina biya. Na sake tashi, amma rikicin 2008 da na 2010 suka ƙara matse mu. Kowa ya san unguwar da zai shiga da wadda ba zai shiga ba. Ƙauyukan da na yi wasa a cikinsu ina yaro suka koma wuraren da ko a mota ba na tsayawa, gilashi a rufe nake wucewa. Duniyata ta dawo gida, masallaci, shago. A shago kuma zama ne daga safe har magariba, ga lemon kwalba, ga shayi mai kauri, ga tuwo da dare a kwanta a kansa. Tumbi ya fito, mutane suna cewa Alhaji hutu ya karɓe ka, ni kuma ina jin daɗi.

A 2019 na fara tashi fitsari sau biyar, sau shida a dare. Ƙishirwa ba ta yankewa. Rubutun rasit ya koma dishi-dishi a idona. Na rame ba tare da na rage ci ba. Wata shida ina cewa basir ne, ina shan jiƙe-jiƙe, har ranar da jiri ya kayar da ni a wajen alwala. A asibiti aka auna sukarin jinina da safe ban ci komai ba, na'ura ta nuna 17. Likitar ta ce in ya kai 7 a irin wannan awon, ciwon ya tabbata. Ga hawan jini kuma a kai. Ta rubuta min magunguna, ta yi min bayanin abinci, sannan ta ce, "Alhaji, magani kaɗai ba zai riƙe ka ba. Kana buƙatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wane motsi kake yi?" Na yi shiru, don in ban da daga mota zuwa kujera babu.

Na ɓoye wa kowa sai maiɗakina. Ina ganin ciwon kamar abin kunya, kamar an ce min na gama yayi. Da aka yi kullen korona a 2020, kasuwa ta rufe, na zauna a gida ba ciniki ba lafiya, sai wani baƙin ciki ya lulluɓe ni wanda ban san sunansa ba. In kwana ido biyu ina lissafin shekarun ƙaramin ɗana, ina tunanin wa zai riƙe su. Na gwada tafiyar ƙafa a unguwa, gwiwa ta hana, ga tambayar mutane, "Alhaji ina motar?"

Babbar 'yata ce ta jawo keken. Suna kwashe shara a bayan ɗakin ajiya ta ci karo da shi, ta jingine shi a tsakar gida ta ce, "Abba, a ba 'yan gwangwan ko a bari?" Tayoyin sun ruɓe, sirdin ya tsage, sarƙar ta daskare. Amma tsumman nan na ƙarfen tsakiya yana nan, ya manne, ya yi baƙi. Na shige ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar mahaifina.

Na kai shi wajen wani tsohon mai gyaran keke. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da sifana ya saurari amonsa, ya ce ƙashin lafiya lau, irin wannan ba ya mutuwa. Amma da na gaya masa abin da nake nufi, sai ya dubi tumbina ya dubi gwiwata ya ce, "Ɗana, wannan na gyara maka don tuna baya. Tudun garin nan kuwa sai mai giya." Shi ya zaɓo min wani na gwanjo, mara nauyi, mai siririyar taya da giya goma sha huɗu. Ya ɗaga sirdin har sai da ƙafata ta kusa miƙewa in feda ta kai ƙasa, ya ce yawancin masu kukan gwiwa sirdinsu ne ya yi ƙasa. Ya koya min yin faci da sholisho, ya sa na yi sau uku a gabansa.

Fitata ta farko bayan sallar asuba ce, don kada a gan ni. Ban yi kilomita biyu ba na tsaya na kama bango, ƙirjina kamar ana hura wuta. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma babu inda za ka nufa ba ka gamu da hawa ba. Kwana uku ban iya zama daidai ba. Maiɗakina ta ce, "Maigida, anya wannan ba wani ciwon kake nema ba?" Na ce ta ba ni wata ɗaya.

Cikin gari ba wurin mai koyo ba ne. 'Yan acaɓa da masu Keke Napep ba sa ganin mai keke a matsayin wanda ke da haƙƙi a kan kwalta, sau biyu ana tura ni cikin kwata. Wannan ne ya kore ni zuwa gefen gari. Na fara da hanyar Lamingo, wajen dam, inda duwatsun Shere ke tsaye a gabanka, ƙolinsu ya haura mita 1,800. Da sassafe sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka haɗu da mota biyar ba. A nan na fara jin ƙarar da na manta da ita: sarƙa tana zagayawa, taya tana shafar kwalta, zakara a wani gida can nesa, da numfashina. Mutumin da ya shekara ashirin a cikin hayaniyar kasuwa bai san yana jin yunwar shiru ba sai ya same shi.

Hawan tudu ilimi ne, kuma da wahala na koye shi. Da farko nakan afka masa da ƙarfi, in ƙare a tsakiya. Daga baya na gane cewa tun kafin ka iso gindinsa za ka sauya zuwa giya mai laushi, don in ka bari sai ƙafa ta yi nauyi, sarƙa na iya zamewa ko ta tsinke. Ka zauna daram a sirdi, ka bar ƙafa tana juyawa da sauri ba tare da ka danna da ƙarfi ba. Kada ka kafa wa ƙoli ido, zuciya karyewa take yi. Nakan zaɓi wani dutse ko bishiya a gabana kaɗan in ce can zan kai, in na kai in zaɓi wata. In numfashi ya kai inda ba zan iya yin tasbihi a bayyane ba, na san na wuce iyakata, sai in sassauta. Gangara kuwa ta fi hawa haɗari, ko da yake ta fi daɗi. Birki biyu ake kamawa tare, a hankali, ana saki ana kamawa, kuma kafin kwana ake rage gudu, ba a cikinta ba. Bayan ruwan sama yashi kan kwanta a kwanoni, na taɓa sanin haka da fatar gwiwar hannuna. Tun ranar ban sake fita ba hular kwano ba.

Sannu ba ta hana zuwa. Bayan wata shida ina yin Rayfield in ɓulla Bukuru, ina wuce tsofaffin ramukan kuza da suka zama tafkuna, ruwansu kore shar, shiru, masu zurfin da ya sha cin yara. Duk sanda na wuce su sai in tuna kakana, in ce wataƙila da hannunsa a haƙa wannan. Awon safe ya fara sauka. Barci ya dawo. Amma akwai iyakar da ban ƙetare ba, kuma ba ta ƙarfin ƙafa ba ce. Hanyoyin da suka fi kyau, suka fi shiru, su ne masu ratsa ƙauyukan da na shekara kusan ashirin ina tsoro. Ba zan yi ƙarya ba, tsoron yana da dalili, an rasa rayuka ta kowane ɓangare. A Agustan 2021 ma da aka sa dokar hana fita a Jos, wata biyu kekena yana jingine.

A farkon 2022, cikin hunturu, na yi shahada na nufi Vom. Na wuce Bukuru gari bai gama wayewa ba, hazo ya rufe ko'ina, sanyi yana cizon yatsu ta cikin safar hannu. Na yi kuskure biyu a ranar. Na sha maganina, ban karya ba sai ruwan shayi, kuma na manta ƙullin dabinon da nake sawa a aljihu. Ɗaya daga cikin magungunan da nake sha a lokacin, glibenclamide, yana iya faɗar da sukari ƙasa warwas in mutum ya yi aikin ƙarfi ciki babu komai. An gaya min, na ɗauka wasa ne.

Na bar babbar hanya kafin cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom tun 1924, na bi wata 'yar siririyar kwalta mai hawa tsakanin gonaki. A tsakiyar hawan na ji hannuna yana rawa. Zufa mai sanyi ta karyo min a cikin wannan hunturu. Hanya ta rabu biyu a idona. Na samu na sauka, na zauna a gindin wani dutse, na lalubi aljihu, wayam. Na ciro waya na kasa tuna yadda ake buɗe ta. Abin da na iya kawai shi ne kalmar shahada.

Sai na ji murya a kaina. "Baba, lafiya? Baba!" Wata mata ce, za ta girme ni kaɗan, da kwandon kabeji a ka, da sarƙar gicciye a wuya. Wallahi abin da ya fara zuwa zuciyata tsoro ne, ga ni Bahaushe da gemu, ni kaɗai, ba ƙarfi, a inda ba wanda ya san ni. Ta sauke kwandon ta taɓa goshina, ta dubi hannuna da ke karkarwa, ta ce, "Kana da suga?" Na gyaɗa kai. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ƙwala wa wani yaro kira da yarensu, ya sheƙa da gudu, ya dawo da kofin ruwa da sukari a cikin leda. Ta dama da yatsa, ta tallafi ƙeyata, ta ce, "Sha duka, kada ka bar komai." Bayan kamar minti goma duniya ta fara komawa daidai. Ta aika aka kawo kunun acha da dafaffen dankali, ta tsaya a kaina sai da na cinye.

Na ce, "Mama, yaya aka yi kika gane?" Ta ce shekara tara ta yi jinyar mijinta. Ƙaya ce ta soke shi a gona, bai ji ba, gyambon ya ƙi warkewa, aka yanke ƙafar, bayan shekara biyu ya tafi. Tana faɗa tana kallon ƙafata, sai ta ga silifa ne a ciki da safa. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce, "Alhaji, kai mai suga ne kake hawa keke da wannan? Cire in gani." Na cire kamar yaro a gaban uwarsa. Ta duba tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta danna tafin, ta ce in sayi takalmi rufaffe, kuma kullum da dare in duba ƙafata da fitila, ko in sa matata ta duba. Na ciro kuɗi, ta ture hannuna. Ta ce in dai ina so in biya ta, in sake biyowa ta ga ina raye. Yaron ya raka ni yana tura keken har bakin babbar hanya, ya tsayar min da mota.

A cikin motar nan na rasa inda zan sa kaina don kunya. Shekara ashirin ina wuce mutanen nan da gilashi a rufe.

Na koma wajen likita na faɗa mata gaskiya. Ta yi min faɗa, ta sauya min tsarin magani, ta ce in riƙa aunawa kafin in fita, kada in hau keke ciki babu komai, kuma in awo ya yi ƙasa da 4 in sha abu mai zaƙi nan take. Na sayi 'yar na'urar awo. Na sa aka rubuta min a wani kati cewa ina da ciwon sukari, da lambar gida, yana rataye a wuyana duk fita. Daga ranar kuma na daina ɓoyewa. Na tara 'ya'yana na gaya musu, na gaya wa maƙwabtana na kasuwa. Mutum uku a layinmu suka same ni a keɓe suka ce su ma suna da shi.

Bayan mako biyu na koma, da takalmi rufaffe, da turmin atamfa a ɗaure a bayan sirdi. Wannan ta karɓa. Yanzu duk sanda na bi hanyar sai na tsaya mun gaisa, in sayi kabeji da karas, ta tambayi awona kamar mai karɓar haraji, in ya hau ta yi faɗa.

Ba na fita da ka. Kafin in nufi wani yanki sai na tambayi direbobi da masu kawo kayan gwari yadda gari ya kwana, in an ce akwai ƙishin-ƙishin, in juya wani wajen ko in haƙura. Ba na kaiwa yamma a waje. Ina sa riga mai haske, ina bin gefen dama, in na ji tifar yashi a bayana in sauka mata gaba ɗaya. Manyan hanyoyi irin ta Hawan Kibo, inda tireloli ke gangarowa da birki yana hayaƙi, ko da kuɗi ba na bi. In garken shanu yana ƙetarawa in tsaya mu gaisa da makiyayin. Karnukan ƙauye ma na koyi cewa gudu ne ke zuga su, in ka tsaya ka sa keken tsakaninku sai su koma. Da azumi kuwa gajeren zagaye nake yi bayan an sha ruwa, bisa shawarar likita.

Da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, waɗanda suke tambayata ko karayar arziki ce ta sa ni hawa keke suka fara tambayata nawa ake sayar da na gwanjo. Yanzu mu biyar ne muke fita ranar Lahadi da safe, biyu daga ciki sai sun dawo suke shirin coci. Mun kai Kuru, mun kai Heipang wajen filin jirgi, sau ɗaya mun je har Riyom muka zauna muna kallon duwatsun nan da ke ɗore kan juna.

Ciwon bai tafi ba, kuma ba zai tafi ba. Ina shan magani kullum, idona na hagu ya riga ya taɓu tun watannin da na ɓata ina shan jiƙo. Amma awon safe yana tsayawa tsakanin 6 da 7, wandunan da na ajiye tun kafin gobara sun dawo suna shiga, kuma ina sujada ba tare da numfashi ya sarƙe ni ba.

Raleigh ɗin yana zaure, an yi masa sabbin tayoyi da sirdi, tsumman ne kawai na hana a taɓa. Ranar Asabar da ta wuce na ɗora ƙaramin ɗana a kai muka nufi Lamingo. Keken yana da nauyi, ba shi da giya, a hawan farko ƙafata ta gaza. Na tsaya ina haki, yaron ya waiwayo ya ce, "Abba, ya lalace ne?" Na ce a'a, sauka mu taya doki.